Wa ya ce bincike na masu ƙoshi ne?

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutanen Tamale, daga majalisar dattawa a Zango har ofisoshin manya: mun gaji da bincike, a kawo mana kaya. A kawo injin ɗaukar hoton ciki, a kawo motar asibiti, a gina sabon ɗakin tiyata. Bincike, in ji masu wannan ra'ayi, sana'ar wanda ya ƙoshi ce. Mai jin yunwa ba tambaya yake so ba, tuwo yake so.

Na san inda haushin ya samo asali. Garin nan ya daɗe yana karɓar baƙuncin ƙungiyoyin agaji, allunansu sun cika titin Bolgatanga. Fararen motoci su shiga ƙauye, samari su sauko da takardun tambayoyi, a tambayi tsohuwa kajinta nawa, sau nawa take cin abinci, a tafi. Bayan wata shida a kira bita a otal, a ci shinkafa da kaza, a raba alawus. Tsohuwa ba ta sake jin ɗuriyar kowa ba sai wata motar ta zo da irin tambayoyin. Wanda ya ga haka shekara da shekaru, in ya ce bincike cin kuɗi ne, ba za a ce ya yi ƙarya duka ba.

Amma hukuncin da aka yanke daga nan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Abu mafi amfani da Arewacin Gana ya taɓa bai wa ƙasar nan a fannin lafiya daga bincike ya fito, kuma babu injin asibiti a cikinsa ko ɗaya.

Mu je Navrongo, can gaba da Bolgatanga, dab da iyakar Burkina Faso. A 1988 aka kafa ƙaramin sansani a can don gwada bai wa yara sinadarin bitamin A. Sakamakon da aka buga a 1993 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin 100. Sansanin ya zama cibiyar binciken lafiya a 1992, a ƙarƙashin Fred Binka, kuma a can aka gwada gidan sauro mai magani, aka ga a 1996 ya rage mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin 100. Gidan sauron da ake raba wa mata a wurin awo yau, wanda wasu ke killace lambu da shi, wani ɓangare na hujjarsa daga ƙauyukan Kasena-Nankana, gundumar da Navrongo take, ya fito.

Waɗannan biyu dai magani ne da kaya. Na ukun shi ne abin da nake so a tsaya a duba. A 1994 masu binciken suka yi wata tambaya da ba ta da kwarjini ko kaɗan: a ina ya kamata malamar asibiti ta kwana? Gwamnati ta horar da nas-nas na al'umma, ta ajiye su a ɗakunan shan magani, suna zaune suna jiran marasa lafiyar da ba sa zuwa, saboda nisa, saboda kuɗin mota, saboda mace ba ta fita sai mai gida ya yarda. Sai aka raba gundumar kashi huɗu. Kashi ɗaya aka tura nas ta tare a cikin ƙauye, aka ba ta babur, mutanen gari suka gina mata ɗaki da hannunsu, tana bin gida-gida. Kashi na biyu aka dogara da sarakuna da 'yan sa-kai. Na uku aka haɗa duka biyun. Na huɗu aka bar shi yadda yake, don a sami abin kwatantawa.

Inda nas ta tare, mutuwar yara ta faɗi warwas cikin 'yan shekaru. Inda aka bar 'yan sa-kai su kaɗai, ba a ga wannan sauƙin ba. Har ma an ga alamar cewa iyaye kan tsaya ga ɗan maganin zazzaɓin da ɗan sa-kai ya ba su, su makara wajen kai yaro inda ya dace. Ku lura da wannan. Da a taron bita aka zauna, da kowa ya ɗaga hannu ya zaɓi 'yan sa-kai, don su ne masu araha, kuma maganar "al'umma ta taimaki kanta" tana da daɗin ji. Ƙidayar haihuwa da mutuwa gida-gida ce ta ƙaryata abin da kowa ya ɗauka gaskiya ne. Dakta Koku Awoonor-Williams ya ɗauki tsarin ya gwada a Nkwanta, ya ga yana aiki a wajen Navrongo ma, kuma a 1999 gwamnati ta mai da shi manufar ƙasa da sunan CHPS. Duk ɗan ƙaramin asibitin ƙauye da ka gani a hanyar Yendi ko Salaga ɗan wannan tambayar ne.

To me ya biyo baya? Mu da 'yan siyasarmu muka ɗauki darasin a baibai. Abin da binciken ya gano shi ne nas a ƙofar gida. Abin da muka riƙe shi ne gini, domin gini ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto. Sai ga ɗakuna da fenti mai kyau, nas a ciki tana jira kamar dā, babur a jingine babu mai. Da aka koma Jihar Gabas ta Sama, inda Navrongo take, daga 2010 aka sake bincike kan dalilin da ya sa tsarin ke tafiyar hawainiya, amsar ba ta wuce shugabanci da ɗan kuɗin hannu ba: ƙasa da dala ɗaya kan kowane mutum a shekara, wanda daraktan lafiya na gunduma zai iya juyawa ba sai ya jira Akra ba. A nan ne kuma aka gwada mai da babur mai ƙafa uku, motokin ɗin nan da ke ɗaukar doya da siminti, ya zama motar ɗaukar mai naƙuda, tare da tsara wa za a kira, wa zai tuƙa, wa zai sa mai.

Kurkunu ma haka. Matasan yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi. Wanda ya gani ba ya mantawa: ƙafa ta kumbura ta yi bororo, ta fashe, farin zare ya leƙo, a naɗe shi a tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kullum har makonni, in ya tsinke a ciki ciwo ya dawo sabo. Manomi ya kwanta daidai lokacin shuka. A 1989 an ƙirga kusan mutum 180,000 da ke ɗauke da shi a Gana. Babu allurarsa, babu ƙwayarsa, har yau. Abin da ya kashe shi yadin tace ruwa ne, da maganin da ake zubawa a tafki, da mai gadi a bakin dam yana hana mai ciwo shiga, da littafin ɗan sa-kai a kowane ƙauye wanda ake duba shi wata-wata. Mutum na ƙarshe an same shi a Diare a Mayun 2010, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da tsarkin ƙasar a 2015.

Mai ra'ayin kaya zai ce: ai famfo ne maganin kurkunu. Gaskiya ne, kuma wannan ce hujjarsa mafi ƙarfi. Sai dai ya tuna 2006. Tamale tana da matatar ruwa a Dalun tun shekarun 1970, tana da bututu. Ruwan ya yanke na tsawon lokaci, mutanen Savelugu suka koma sayen ruwan dam daga masu talla, shekara na zagayowa cutar ta ɓarke har Jimmy Carter ya zo garin da kansa a Fabrairun 2007. Inji yana nan. Abin da babu shi ne wanda ya zauna tun farko ya lissafa: in wannan ya tsaya, mutane ina za su sha? An faɗaɗa matatar a 2008, garin ya ci gaba da girma ya bar ta a baya, ga shi har gobe yara na yawo da jarkoki masu ruwan ɗorawa a kan keke duk rani.

Ka shiga bayan kowane babban asibiti a yankin nan ka nemi ɗakin ajiya. Za ka tarar da maƙabartar injuna: kwalbar jarirai da aka kawo kyauta daga Turai ba tare da littafinta ba, injin iskar numfashi da wuta ta ƙona saboda babu abin daidaita lantarki, na'urar gwajin jini da ke lafiya lau amma ruwan da take sha sai daga kamfani ɗaya a ƙetare. Ƙurar hunturu ta gama da sauran. Kowanne an yi bikin karɓarsa. Babu wanda aka tambaya kafin a saya ko zai jure zafin watan Maris a Tamale, ko akwai mai gyaransa a kusa ba sai an je Kumasi ba. A Afrilun 2025, da likitocin Asibitin Koyarwa na Tamale suka dakatar da aikin gaggawa bayan ziyarar ministan lafiya da sauke shugaban asibitin, cikin abubuwan da suka nema har da ruwa mai zuwa kullum, da wuta tsayayya, da iskar numfashi. Wannan ba matsalar ƙarancin fasaha ba ce a duniya. Matsalar saye ce, da ajiya, da biyan bashi, da sanin wa ke da alhakin me. Kuma duk waɗannan ana iya bincikensu da awo da ƙidaya kamar yadda ake binciken sauro.

Ba na gaba da sabon abu. Jiragen Zipline marasa matuƙi, da suka fara aiki a Gana a 2019, suna kai jini da maganin saran maciji daga sansaninsu na kusa da Walewale zuwa wuraren da damina ke yanke wa hanya. A Nyankpala, cibiyar binciken noma ta SARI ta fito da waken Songotra-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, ɗan'uwan SAMPEA 20-T da Samaru ta Zariya ta fitar a 2019. Madalla. Amma jirgi ba ya ƙera jini, sai wani ya bayar an adana. Iri kuma ba ya kai kansa Karaga.

In ana son ganin abin da "a kawo kaya, a bar tambaya" ke haifarwa, ga SADA nan, hukumar da aka kafa a 2010 don ciyar da Arewa gaba cikin sauri. Sidi miliyan 15 aka ware wa kiwon zabi, abin ya ƙare a barkwancin cewa zabin sun tashi sun tafi Burkina. Aka dasa itatuwa, fari da wutar daji suka cinye. Shirin Ƙauyukan Ƙarni da aka yi a yankin Mamprusi da Builsa daga 2012, da kuɗin Ingila, ya zuba taki da asibiti da makaranta gaba ɗaya. Shi aƙalla an sa masu awo na waje sun bi shi, kuma suka ce bai rage talauci yadda aka yi alkawari ba. Wannan amsa mai ɗaci ta fi zabin SADA daraja, don ita an san abin da aka saya.

Inda nake tare da masu haushi shi ne a kan wa ke yin tambayar. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar waƙa. Kusan duk manyan binciken da na ambata da kuɗin waje aka yi su, shi ya sa cutar da ke damun Landan da Washington ke samun mai ƙirga ta, amma dalilin da ya sa likita ke ƙin karɓar aiki a Arewa, ko tsawon lokacin da asibitin gunduma ke jiran kuɗin inshorar lafiya da abin da jiran ke yi wa kantin magani, ba su da uban gida. Ƙasashen Afirka sun yi wa kansu alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu kan bincike. Gana ba ta kai rabin haka ba. Majalisa ta yi dokar Asusun Bincike na Ƙasa a 2020, shekaru suka shuɗe tana kan takarda. Da Amurka ta janye tallafin USAID a farkon 2025, gwamnati da bakinta ta ce an bar mata giɓin dala miliyan 156. Maganin tambayar da baƙo ya zaɓa shi ne mu biya tamu. Daina tambaya gaba ɗaya ba zai mayar da farar motar gida ba, zai dai bar mata filin ita kaɗai.

Kuma muna da ma'aikatan. Jami'ar UDS, da aka kafa a 1992 a nan Tamale, tana tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka makonni a zangon karatu na uku, su rubuta abin da suka gani. Shekara talatin na irin wannan rahoto dukiya ce. Wace majalisar gunduma ce ke buɗe su kafin ta tsara kasafinta? Ga jami'ar fasaha, ga masu walda da makanikan unguwar masana'antu waɗanda suka iya tayar da tarakta da ta shekara ashirin. Babu abin da ya hana a haɗa ɗalibin injiniya da ma'aikacin gyara na asibiti su ƙirga kowane inji a Jihar Arewa: yaushe aka saye shi, yaushe ya mutu, me ya kashe shi, nawa ne gyaransa. Kuɗin wannan aiki bai kai na sabuwar mota ɗaya ta babban jami'i ba, kuma sakamakonsa zai ɓata wa 'yan kwangila da yawa rai, wanda ina zargin shi ne dalilin da ya sa "mun gaji da bincike" ke yi wa wasu manya daɗin faɗi. Ɗan majalisar da zai zo Zango neman ƙuri'a da alkawarin sabon inji, a tambaye shi na bara yana ina, kuma wa ya rubuta dalilin mutuwarsa.