A Dakata da Gina wa Imanan Tankin Tarwaɗa

Da wuya a yi taro a Yamai kan samar wa matasa sana'a a watse ba a ambaci kiwon kifi ba. Tsarin kuwa kusan guda ne a bakin kowa: a gina tankin siminti ko a kafa na tamfol, a zuba 'ya'yan tarwaɗa, a ba saurayi horon 'yan kwanaki da buhunan abinci, bayan wata biyar ko shida ya kwashe ya sayar. Hujjar ita ce Najeriya, inda tarwaɗar gida ta cika kasuwanni, sai kuma bidiyoyin Facebook da ake nuna kifi na tsalle ana ƙirga riba. Ra'ayin ya samu gindin zama har ana ganin ko'ina aka sami ruwa, daga bakin Kwara har ƙasar Kurfai, tanki ne amsa. A Imanan, ta yankin Filinge, wannan lissafi ba ya fita, kuma masu yaɗa shi ba su ne za su biya bashin ba.

Bukatar kifin dai gaskiya ce. Abin da mutumin Nijar ke ci a shekara bai wuce kilo biyu zuwa uku ba, alhali matsakaicin duniya ya haura kilo 20. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta bayyana cewa a 2022 kifin kiwo ya zarce na kamu a duniya karo na farko. Masu tallar tanki suna son wannan adadi ƙwarai. Abin da ba su faɗa shi ne mafi yawan wannan kifi a Asiya ake kiwonsa, a ƙasashen da ke da masana'antun abincin kifi da wuraren ƙyanƙyasa da wutar lantarki. Masar, wadda ta fi kowa a Afirka, ruwan Nilu ta dogara da shi da kuma masana'antunta na gida.

A duba buhun abinci kawai. Kifin da aka tsare a siminti ba shi da abin da zai tsinta, duk abin da zai ci sai an saya, kuma abincin shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. Tarwaɗa ba ta ƙiba da dusar gero. Tana son abinci mai garin kifi ko waken suya, wanda galibi daga waje yake shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakoki sun rufe, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da tsada da jinkiri. Mai tarwaɗa dubu a tanki ba ya iya ce musu su jira a buɗe iyaka. Kwana kaɗan ba abinci, manyan sun fara haɗiye ƙanana. Ga canjin ruwa a kai a kai, wato man injin ko kuɗin sola. Ga ɗauko 'ya'yan kifi daga nesa cikin zafin Afrilu, a yankin da tun farkon 2020 aka sha hana babura zirga-zirga saboda tsaro.

Mutanen Bonkuku, babban garin Imanan, ba baƙi ba ne ga irin wannan ciniki. Tun shekarun 1950 dankalin turawa ya shigo Imanan, ya bunƙasa bayan farin 1973 da na 1984, har ya zama abin da aka san garin da shi a kasuwannin Yamai. Albarkar kwarin Dallol Boso ce, inda ruwa ke kusa da ƙasa, ana haƙa 'yan mitoci a same shi. Amma kowane manomi ya san inda takalmin ke matsa shi: iri mai kyau daga Turai ake kawowa, sau da yawa da bashi, kowa ya haƙe a lokaci guda, wurin ajiya bai wadata ba, ɗan kasuwa ya yanka farashin da ya ga dama. Dankali ma yana iya kwana biyu a inuwa. Kifi da ya fita ruwa da hantsi, kafin la'asar ya fara wari. Wanda ya kawo wa wannan manomi sana'a ta biyu mai kaya daga waje da haja mai saurin lalacewa, ciwon da yake fama da shi ya ninka masa.

An ma taɓa gwadawa a inda ruwa ya fi yawa. Daga 1981 aka fara kiwon karfasa a keji cikin kogin Kwara da tallafin Faransa, aka kafa tashar 'ya'yan kifi a Sona kusa da Tillaberi. Kifi ya girma, masana sun yi rubuce-rubuce. Da masu ba da kuɗi suka janye, aikin ya ja baya, domin abinci da 'ya'yan kifi da kasuwa duk a wuyan shirin suke rataye. Idan haka ta faru a tsakiyar kogi, me ya sa ake zaton tankin bayan gida a ƙasar da ruwan samanta ke tsakanin milimita 300 zuwa 400 zai fi sa'a?

Kifi mai arha a tafki yake. Kowace damina ƙoramu na gangarowa daga tudu su cika kwaruruwan dallol, wasu tafkunan su riƙe ruwa wata uku, wasu har bazara. Ruwan tafki shi ke ciyar da kifinsa: kashin shanun da ke zuwa sha yana haifar da gansakuka da ƙwari, karfasa ta ci gansakuka, tarwaɗa ta ci abin da ta samu. Ba buhu, ba inji. Dallol Boso na cikin jerin dausayin Ramsar tun 2004, wato duniya ta san darajar ruwansa kafin masu tanki su iso.

Misalin kuma ba daga Asiya za a ɗauko shi ba. Tabalak na jihar Tawa, kan hanyar Agadas, ƙasa ce da ba ta fi Filinge ruwan sama ba, makiyaya ne asalin mazaunanta. An zuba kifi a tafkinta, masunta suka zauna, yau matafiyi ba ya wucewa bai ga mata da farantan soyayyen kifi a bakin hanya ba. Tafkin Madarunfa a jihar Maradi ya daɗe yana riƙe da gidajen masunta. Zuba kifi a tafkuna aiki ne da jami'an ruwa da gandun daji na Nijar suka shafe shekaru suna yi, sun san kansa. Laifinsa ɗaya, ba shi da ginin da za a shafa wa fenti a yanke ƙyalle a ɗauki hoto.

Za a ce tafki yana ƙafewa. Yana ƙafewa mana, kuma yashin da ƙoramu ke kwasowa daga tudun da aka sare itatuwansa yana cike shi shekara bayan shekara, kacalla na cinye gefensa. Nan ne kuɗin ya kamata ya tafi: a yashe, a zurfafa wani ɓangare da zai riƙe iyayen kifi har damina ta zagayo, a tare zaizaya tun daga sama. Ko tafkin wata huɗu yana ba da tarwaɗa idan an zuba da wuri.

Matsalar da ta fi yashi wuya ita ce mutane. Tafkin Imanan na Buzu ne da Bazabarme da Bahaushe da Bafillace. Wani shanunsa ke sha, wani lambunsa ke gefe, wani tubali yake bugawa. Ranar da kifi ya shiga, tambayar na wane ne za ta taso, kuma in ba a amsa ta ba tun farko, yara za su share shi da gidan sauro tun yana ɗan yatsa. Sarkawa da Kabawa sun daɗe da maganin wannan: akwai sarkin ruwa, akwai watannin da ba a taɓa ruwa, akwai ranar buɗewa, akwai irin komar da aka hana. Zama da hakimi da masu gari da ardo a tsara wannan ya fi zuba siminti cin lokaci, shi ya sa ake gudunsa.

Sai kasuwa. Baleyara na kan hanya, Yamai ba ta kai tafiyar yini ba, amma ɗanyen kifin Imanan zai tarar da na kogi da kifin ƙanƙara na kwali suna jiransa. Ƙarfinsa a banda yake. Bandar tafkin Cadi ta yi shekaru tana tafiya daga Difa har kudancin Najeriya ba tare da firji ba, kuma da aka hana kamun kifi a can a 2015 saboda Boko Haram, jihar ta ji a jikinta. Murhun banda irin na Corko, wanda aka ƙera a Gana tun 1969, da laka da katako da waya ake yin sa, yana rage cin itace, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da itace ya yi ƙaranci. Kifin da ya bushe da kyau kuma ba ya bukatar a fesa masa fiya-fiya don korar ƙwari, mugun halin da ya kamata a yi ta tsawatarwa a kansa.

Tanki yana da wurinsa, ƙarami. Mai lambun da ya riga ya mallaki rijiya da sola, wanda zai juya ruwan kifin ya shayar da dankali da kabeji, wanda kuma ya san mai gashin da zai saya, yana iya gwadawa da kuɗinsa. Wannan dabam yake da a tara matasa marasa jari a ɗora musu sana'ar da buhun farko kaɗai aka biya musu.

Hukumomin Imanan su ne za a kawo wa takarda su sa hannu. Kafin su sa, su tambayi mai shirin nawa buhun abinci yake idan ya iso Bonkuku, wa zai sayi na biyu, wa kuma zai sayi kifin. In amsa ta gagara, su ce a kai kuɗin tafki.