Aku Ba Ya Rayuwa Da Gyaɗa Zalla

'Yan'uwa ɗalibai, a yawancin gidajenmu da ake kiwon aku, abincinsa ɗaya ne: gyaɗa da safe, gyaɗa da yamma. Da mun ga yana ɓare ta da murna sai mu ɗauka mun gama masa komai, alhali cutarsa muke yi.

Akun nan mai ruwan toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne. A can 'ya'yan itatuwa iri-iri yake ci, har da kwakwar manja. Ita gyaɗa mai ya yi mata yawa, sinadarin kalsiyam kuma kaɗan ne a cikinta. Rashinsa kan sa aku karkarwa, wani lokaci ya faɗo daga kan sandarsa kamar mai farfaɗiya. Idan kuma gyaɗar ta sha laima ta yi fumfuna, gubarta hanta take lalatawa.

Don haka kafin mu tafi makaranta mu yanka masa gwanda, gwaba ko karas, mu haɗa da wankakken ganyen zogale. Da mun dawo mu kwashe ragowar, don zafin garinmu ba ya barin yankakken abu ya wuni lafiya. Da yamma a ba shi gero ko dawa, ruwansa kuma a canza kullum. Gyaɗa ƙwaya biyu ta isa tukuici in ya koyi sabuwar kalma.

Fiya kuwa, kada ya ko ɗanɗana, tana iya kashe shi. Haka cakulan da shayi. Sannan mu lallashi Kaka ta daina gutsura masa goro, ko da ya gaishe ta da sunanta.