Kuɗin Intanet a Kasafin Jihohi: Ina Ya Kamata Su Tafi?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta kacokan. Duk shekara ana kwaso yara daga ƙauyukanmu zuwa cibiyoyin jarrabawa a birane, kuma a cikinsu akwai wanda ranar ce farkon ɗora yatsansa a kan madannai. Ya yi karatu, ya san amsa, amma kafin ya gane inda zai danna lokaci ya yi nisa. Wannan yaro an zalunce shi, kuma gwamnatin jiharsa tana da kaso babba a cikin alhakin.

Shi ya sa wannan jarida ke maraba da yadda jihohi suka fara ware kuɗi don faɗaɗa intanet mai sauri da koya wa jama'a amfani da ita, har wasu irin su Katsina da Zamfara suka kafa hukumomi na musamman. Jigawa ma ta daɗe da shiga gaba, tun da ta buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure zamanin Gwamna Saminu Turaki. Damuwarmu ita ce inda kuɗin ke sauka.

A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsari na shekara biyar, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami na ministan sadarwa, da burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa kafin ƙarshen 2025. Ba a kai ga wannan adadi ba. Yanzu kuma ana maganar shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 90,000. To amma duk wayar da Abuja za ta shimfiɗa, a ƙasar wata jiha za a haƙa mata rami, kuma nan gizo ke saƙa. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa ta amince kada harajin haƙa ya wuce naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti tana karɓar naira 4,500 kafin ta sauko zuwa 145 a 2020, shekarar da Kaduna ta yafe harajin gaba ɗaya. A yi lissafi: kilomita 100 a tsohon farashin Ekiti naira miliyan 450 ne, a sabon farashi kuwa miliyan 14 da rabi. Wane kamfani ne zai biya na farkon don ya kai waya garin da ba shi da tabbacin mayar da kuɗinsa? Jihar da har yanzu take kallon wannan haraji a matsayin kuɗin shiga, jama'arta take cuta.

Sai dai yafe haraji kaɗai ba ya kai sabis ƙauye. Kamfani riba yake bi, kuma turken sadarwa a garin da babu wutar lantarki dizal yake sha dare da rana, ga kuɗin gadi, ga fargabar 'yan bindiga. A nan ne kuɗin jiha ke da amfani na gaske. Idan gwamnati ta ɗauki nauyin haɗa sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da babban asibitinta da makarantun sakandarenta, ta kuma ɗaure kanta da biyan kuɗin sabis duk wata, kamfani ya samu dalilin zuwa, unguwannin da ke kewaye su amfana. Haka kuma jihohi ne ke ba da kwangilar mafi yawan titunan cikin gari. Me zai hana a sa sharaɗin binne bututun waya a gefen kowane sabon titi, a kuma ci tarar ɗan kwangilar da motar haƙarsa ta tsinke wayar da ke akwai?

Ɓangaren koyarwa ne ya fi ba mu takaici. Abin da aka saba shi ne biki: a kafa rumfa, a raba kwamfutocin hannu, a ɗauki hoto, a watse. Wanda ya shiga makarantun gwamnati ya san ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta rufe ledar, makulli yana aljihun shugaban makaranta don tsoron kada a yi sata a ce shi ne. Babu wuta, babu malami, babu mai gyara. An sayi doki ne ba a yi tanadin ciyawa ba. Albashin malami da farantan hasken rana da batura da kuɗin data ba su da armashi a wajen taro, amma su ne ke buɗe wannan ƙofa.

Kuma ba ɗalibai kaɗai ke buƙata ba. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau karɓar kuɗi ta waya, da yawansu ba tare da sanin yadda ake gane saƙon banki na bogi ba. Har gobe ana kiran dattawa a waya a yaudare su su faɗi lambobin sirrinsu. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tana da burin kashi 95 cikin 100 na 'yan Nijeriya su iya mu'amala da na'urorin zamani kafin 2030, kuma ba za a je ko kusa ba idan darasin da Turanci kawai ake ba da shi, a ɗakin taron otal a babban birnin jiha. A koyar da Hausa da Fulfulde da Kanuri. A shiga makarantun Islamiyya na matan aure, inda dama mata ke taruwa kullum, a horar da malamai mata su koya musu. A yi amfani da wayar da ke hannun mutum, domin ita zai koma gida da ita.

Muna kira ga majalisun dokokin jihohi, idan kwamishina ya zo kare kasafinsa, kada su tsaya a yawan na'urorin da aka saya. Su nemi sunayen makarantu da asibitocin da aka haɗa, garin da kowanne yake, da malamin da aka tura, da shaidar biyan kuɗin sabis na watan da ya gabata. A buga wannan jeri a jarida, a karanta shi a rediyon jiha, domin mutanen kowane gari su je su duba da idonsu.