Baƙon Ƙashi da Faɗuwar Tsofaffi Bayan Tiyatar Kwatangwalo: Ina Gudummawar Masana Hausa?

A bakin Bahaushe, tsirowar ƙashi labari ne mai daɗi. Idan maɗori ya ce ƙashi ya kama ko ya haɗe, hamdala ake yi, domin karaya ta warke ke nan. Amma akwai wani yanayi da likitocin ƙashi suka sani wanda haɗewar ƙashi a cikinsa ita ce cutar. Ra'ayina shi ne rashin sunan wannan larura a Hausa na daga cikin abubuwan da ke jefa tsofaffinmu cikin haɗari, kuma cike wannan giɓi aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe kamar yadda ya rataya a wuyan likitoci.

Tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo ta zamani ta kafu ne a kan aikin John Charnley a asibitin Wrightington da ke Ingila, wajen shekarar 1962. Akan cire kan ƙashin cinya da ya lalace, a maye gurbinsa da na ƙarfe ko na tangaran, a kuma dasa masa sabon gurbi. Yau ana yin wannan aiki a Najeriya, ciki har da Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Bayan aikin, a jikin wasu majinyata, ƙashi kan fara tsirowa a cikin tsoka da sauran naman da ke kewaye da gaɓar, inda ba muhallinsa ba. Sunan da likitoci suke kiransa da shi haɗin Girkanci ne da Latin, ma'anarsa samuwar ƙashi a wani wuri dabam. Yakan fara bayyana a hoton ƙashi bayan wasu makonni, ya ci gaba da ƙwari tsawon watanni. Ya fi samun maza, da wanda ya taɓa yin sa a baya, da masu cutar da ke sandarar da ƙashin baya.

A shekarar 1973, Andrew Brooker da abokan aikinsa a Amurka suka kasa shi mataki 4. A na farko, 'yan tsibiran ƙashi ne warwatse cikin nama. A na biyu, tsiron ya miƙo daga ƙashin ƙugu ko na cinya, amma da tazarar aƙalla santimita 1 a tsakani. A na uku, tazarar ba ta kai santimita 1 ba. A na huɗu, ƙasusuwan biyu sukan bayyana a hoto tamkar sun haɗe. Yawancin masu shi ba sa jin komai. Matsalar tana ga matakan sama, inda gaɓa kan ƙi lanƙwasuwa ko juyawa yadda ya kamata.

Daga nan ne batun faɗuwa ke shigowa. Tsohon da gaɓarsa ta sandare takunsa kan gajarta, ɗaga ƙafa ya yi masa wuya, kuma idan ya yi tuntuɓe ba ya iya saurin kai ƙafa gaba don ya tare kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ga mai gaɓar ƙarfe, faɗuwa ɗaya na iya gocar da gaɓar ko karya ƙashin da ke riƙe da ita, gyaran kuwa ya fi aikin farko wahala da tsada.

A duba gidan Bahaushe da wannan ido. Akwai dokin ƙofa da sai an tsallake, da gefen tabarma da ya naɗe, da masai na tsuguno, da santsin wurin alwala, da fita sallar asuba cikin duhu. Zama a ƙasa da tashi daga ƙasa, da sujada da zaman tahiya, duk suna bukatar lanƙwasuwar da baƙon ƙashin ya rage. Shawarar da aka tsara don gidan da ake zama a kujera ba za ta isar ba, sai an sake gina ta a kan rayuwarmu da harshenmu.

A nan ne harshe ke kawo cikas ta fuska uku. Ta farko, kalmomin ƙugu da kwankwaso da kwatangwalo suna shiga cikin juna a maganar yau da kullum, har majinyaci ya ambaci ɗaya likita ya fahimci wani wuri. Ta biyu, kusan duk riƙewar gaɓa mukan jingina ta ga sanyi ko amosani ko tsufa. Wanda ya yarda sanyi ne ke damunsa zai nemi jiƙo da man shafawa, ba zai koma a ɗauki hoto ba. Ta uku, kalmar gashi tana ɗauke da kaya da yawa: gashin ruwan zafi na gida, da gashin ƙashi na asibiti, wato motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru, da gashin na'ura irin na masu ciwon daji. Wannan na ƙarshe, idan aka yi shi sau ɗaya cikin awa 24 kafin tiyata ko awa 72 bayanta, yana cikin hanyoyin rigakafin tsiron. Ɗaya hanyar ita ce magunguna irin su indometasin, waɗanda kan cutar da ciki da ƙodar tsoho idan aka sha su ba da sa idon likita ba. Kuskuren fahimta a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce wannan hurumin likitoci ne, ko kuma aro ya wadatar, kamar yadda muka ari asibiti da likita. Amsata ita ce aro yana amfani ne idan abin da aka sanya wa suna ana ganinsa. Cutar da ke ɓoye cikin tsoka tana bukatar sunan da ke bayyana kansa. Ina ba da shawarar a yi nazarin kiran ta baƙon ƙashi, domin baƙo shi ne wanda ya sauka inda ba gidansa ba, kuma tsohuwar da ba ta je makaranta ba za ta gane nufin nan take. Ban ce lallai ita ce mafi dacewa ba. A gwada ta a bakin majinyata da masu jinya kafin a tabbatar.

Muna da turbar da za mu bi. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna za a iya tsara kalmomin fanni guda, sai dai ya tsaya ga harshe da adabi da dabarun koyarwa. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi da maɗora, a tattara kalmomin gaɓoɓi da na ciwo bisa karin harshe, a fitar da taƙaitaccen bayani na sallamar majinyaci, rubutacce da na saurare. A sa malaman fiƙihu a ciki, su tunatar da cewa shari'a ta yi rangwamen salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa. A kuma yi nazarin kunyar da ke hana dattijo gaya wa 'ya'yansa cewa ya faɗi a makewayi.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Iyalin da suka sayar da gona don a yi wa mahaifinsu aiki sun cancanci a gaya musu, da harshen da suke ji, me zai iya biyo baya da yadda za su kiyaye shi.