Baiwa Ba Ta Auna Taga

Jama'a, akwai maganar da ta ishe ni a garin nan. Duk yaron da ya sayi tef ɗin awo ya buɗe shafi a Instagram, shi ke nan ya zama mai dekoreshan. Ka tambaye shi a hannun wa ya koya, sai ya ce maka, "Ai ni baiwa ce."

Bara muka aurar da 'yar yayata a Fagge. Mahaifinta sai da ya ci bashi kafin ya haɗa kayan ɗaki: labule daga Kantin Kwari, gado da kujeru daga Sabon Gari. Aka kira wani mai "baiwa". Ya jingina sif a bakin taga ɗaya tilo, ya zuba labule mai kauri hawa uku a ɗakin da ba ya samun iska. Da zafin Afrilu ya kama, amarya a tsakar gida take kwana. Damina na sauka silin ɗin ya jiƙe ya rufto, domin bai duba rufin kwanon ba kafin ya fara. Kuɗi sun tafi, har yau ana biyan bashi.

Wasu za su ce, "To iyayenmu da suke jeren kwalla da tasa, wace makaranta suka je?" Makarantar gidan biki mana! Yarinya takan yi shekaru tana miƙa wa gwaggonta kwano kafin a bar ta ta ɗora ko ɗaya a kan kabad. Haka magina: yaro da kwaɓa ƙasa da ɗaukar tubali yake farawa, sannan ya kai ga daɓe da zanen bango. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da lissafin azara ya tsayar da bakan gizonsa.

Ban musa baiwa ba. Akwai wanda Allah Ya ba idon haɗa launi. Amma ido ba ya gaya maka nauyin da bango zai ɗauka, ko inda wayar lantarki ta bi. Wannan sai an zauna an koya, ko a wajen oga ko a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello.

Don haka iyaye, kafin ku miƙa kuɗinku ku tambaya: wa ya koya maka, ina aikin da ka yi shekara uku da suka wuce? Ku je ku gani da idonku. In ya ce baiwa ce, ku ce Allah Ya ƙara, ku nemi wani.

Allah Ya sa mu dace.