Wa Zai Rubuta Sharaɗa, Challawa da Bompai?

 

A garin Lincoln da ke jihar Nebraska ta Amurka akwai gidan tarihi sukutum da aka ware wa takalmi mai taya, irin wanda yara ke ɗaurawa a ƙafa suna sulu. An adana tsofaffin takalma da hotuna da takardun wuraren da ake wannan wasa, tun daga zamanin James Plimpton, wanda ya yi rajistar takalmi mai taya huɗu a 1863. A ƙananan garuruwansu kuwa ba abin mamaki ba ne a rubuta tarihin ɗakin sulu guda ɗaya tal: wa ya gina shi, da wane katako aka shimfiɗa ƙasansa, nawa ake biya a ƙofa, su wa suka haɗu a ciki har ta kai su ga aure, wace shekara aka rufe shi. Wani zai yi tsaki ya ce aikin banza, makaho da waiwaye. Mu dai ba mu ga abin tsaki ba. Mutanen da suka ba wurin wasan 'ya'yansu wannan daraja, yaya kake jin za su yi da wurin da iyayensu suka nemi abinci?

Mu dawo Kano. Duk mai bin manyan titunan birnin da yamma ya san samarin nan masu takalmi mai taya, suna kutsawa tsakanin motoci, wani ya kama bayan A Daidaita Sahu ya ja shi, direbobi na zagi, fasinjoji na salati. A kan kwalta suke saboda kwalta ce kaɗai shimfiɗaɗɗen wurin da ba a sa masa kwaɗo ba. Tafiyar 'yan mintuna daga Titin Gidan Zoo, a Sharaɗa, ga manyan zaurukan kamfanoni masu daɓen siminti sumul, waɗansu a garƙame, waɗansu an mai da su sito na kayan da aka shigo da su daga waje. Yaron da ke wasa da ransa a titi, wataƙila kakansa ya yi shekara ashirin yana tsaye a kan wannan daɓen yana kula da inji. Ga labari nan a kwance, da farkonsa da tsakiyarsa da ciwonsa. Wa ya ɗauka?

Muna karanta abin da sababbin marubuta ke fitarwa kullum, kuma mun san inda taurarinsu suke zaune. Yarima ne a wata masarautar da babu ita a taswira, ko babban soja mai ɗaurarriyar fuska, ko ɗan attajirin da ya dawo daga Dubai ya gaji kamfanin mahaifinsa. Kamfanin nan ba a taɓa gaya mana abin da yake ƙerawa. Ofis ne mai sanyi, da sakatariya, da kujera mai juyawa. Ba ƙarar inji, ba wari, ba lebura, ba ranar da wuta ta ɗauke kaya suka lalace a cikin tukunya. Marubucin da ya rubuta haka, in ka bincika, sau da yawa ɗan Dakata ne ko Ja'en ko Panshekara, a cikin ƙarar jiniyar kamfani ya girma. Wannan shi ne abin da muke yaƙi da shi yau: a tsallake abin da aka sani ciki da bai, a tafi aron abin da aka gani a fim.

Ga kaɗan daga abin da ake tsallakewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya buɗe cinikin gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Bompai ce ta fara zama unguwar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai, da injinan matse man gyaɗa da na sarrafa fata da makamantansu. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasa, dokokin mallaka wa 'yan ƙasa hannun jari na 1972 da 1977 kuma suka shigar da 'yan kasuwar Kano cikin harkar. Aka samu masaƙu, irin su Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi, da kamfanonin roba, na alewa, na kwanuka, na fulawa, har da na harhaɗa keken Raleigh. Mutane suka baro ƙauyuka, almajirai suka ajiye ƙoƙo suka karɓi katin aiki. Unguwanni irin su Gwagwarwa, Tudun Wada, Dakata da Kawaji suka cika da ma'aikata. A ƙofar kowane kamfani aka kafa ƙaramar kasuwa: mai shayi, mai ƙosai, mai facin keke, da mai tuwon da ke da littafin bashi, sai ƙarshen wata a biya.

Sai guguwa ta taso. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka gagari masu kamfani. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, dizal da baƙin mai suka cinye riba. Atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya karawa da shi ba. Kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙofa da aka rufe, akwai magidancin da ya koma gida da takardar sallama, akwai mai tuwon da littafin bashinta ya zama takardar banza, akwai yarinyar da aka cire daga makaranta. Waɗanda suka rage suna aiki su ma da nasu labarin. Ruwan da kamfanonin jima ke saki, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara, manoman rani na jan ruwan suna ban-ruwan latas da kabeji. A ranar 20 ga Janairun 2012 hedikwatar 'yan sanda ta Bompai na cikin wuraren da aka kai wa hari. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, inda aka tsare su suna aiki na tsawon watanni. Wane yarima ne ya fi waɗannan labari?

To, su wa suka rubuta? Paul Lubeck, Ba'amurke, ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya bi yajin aikin da suka yi a 1971 kan ƙarin albashin Adebo, ya fitar da littafi a 1986 kan Musulunci da ma'aikatan birni a Arewa. Brian Larkin, masanin jami'ar Columbia ta Amurka, ya bi tarihin gidajen siliman Kano ya fitar da nasa a 2008. A nan ne ɗalibi zai karanta cewa an buɗe silimar Rex a 1937, kuma gobarar silimar El Duniya a 1951 ta ci rayuka 331. Mun gode musu, sun yi aikinsu. Amma da Turanci suka yi, don jami'o'i suka yi, kuma jikan leburan da aka yi hira da shi ba zai taɓa riƙe littafin a hannunsa ba. Wanda ya san ƙagaggun labaran Hausa guda biyar da tauraronsu ma'aikacin masaƙa ne ko na kamfanin fata, ya jero mana sunayensu, za mu yi murna.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don ba yau aka fara ba da su ba.

Za a ce tarihi aikin malaman jami'a ne. Malamin jami'a zai gaya maka shekarar da aka kafa kamfani da yawan jarinsa. Ba zai gaya maka yadda hannun mai jima yake wari ko bayan ya wanke da sabulu sau uku ba, ko abin da amarya ke ji ranar da mijinta ya fara aikin dare, ko yadda aka yi rububin sayen rediyo da keke da kuɗin Udoji ya fito a 1975. Wannan gonar marubuci ce. Kuma Alhaji Abubakar Dokaji bai jira wata jami'a ba kafin ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari.

Za a ce masu karatu soyayya suke so, kuma su ke biyan kuɗin littafi. Wa ya hana soyayya? A ƙofar kamfani ma ana soyayya, har ta fi ta Dubai zafi, don akwai abin da za a rasa. Saurayin da aka sa wa ranar aure, saura wata biyu aka manna sunansa a jerin waɗanda aka sallama: ga soyayya, ga kuɗi, ga mutunci, ga surukai. Abin da ya ɗaga Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino shi ne masu karatu sun ga gidajensu da unguwanninsu a cikin littafi. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri, aka karanta, har aka sa shi a makarantu. A Senegal, Sembène Ousmane, wanda shi kansa ya yi dako a tashar jirgin ruwan Marseille ta Faransa, ya ɗauki yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1947 zuwa 1948 ya mai da shi littafin da ake karantawa a duniya tun 1960. Mai karatu ba ya ƙin gaskiya. Rubutu maras gishiri yake ƙi. Ɗora wa mai karatu laifi hanya ce mai sauƙi ta guje wa wahalar bincike.

Za a ce silima da sulu da ƙwallo shashanci ne, ba abin adanawa ba. Malaman da suka rubuta tarihin sarakunan Kano Musulmi ne, amma ba su goge Barbushe da Tsumburbura daga dutsen Dala ba. Rubuta abu daban, yarda da shi daban. Ma'aikacin da ya tashi aiki ya nufi Plaza ko Orion ko Marhaba, ko ya je kallon Raccah Rovers lokacin da ta ci kofin lig na ƙasa a 1978, mutum ne cikakke, da sallarsa da gajiyarsa da nishaɗinsa. In ka cire nishaɗin, ka rubuta rabin mutum. Kuma sai an san inda iyaye suka huta sannan za a iya tambayar hukuma da babbar murya: ina filin da aka bar wa 'ya'yansu?

Abin da ya sa muke ɗaga murya shi ne lokaci. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara ashirin a 1975, yau ya kai saba'in. Takardun kamfanonin da suka rufe, gara da ruwan sama da masu tsire sun raba su. Gine-ginen ana rushe su ana yanka filaye. Duk jana'izar tsohon ma'aikaci da aka yi a Tudun Murtala ko Sabuwar Gandu, an binne babi guda da babu kwafinsa a ko'ina. Nan da shekara goma, wanda ya so rubuta wannan labari sai dai ya ƙirƙira, ko ya fassara Lubeck.

Saboda haka ga aikin wannan mako, kuma ba ya bukatar ko sisi sai kuɗin mota. Kowa ya zaɓi wuri guda ɗaya ƙarami: ƙofar kamfani, teburin mai shayi, filin ƙwallon da ya zama shaguna, silimar da ta zama wani abu, ko kwanar da masu takalmi mai taya ke taruwa. Ka nemi mutum uku da suka san wurin, ka gaishe su yadda ya kamata, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kada ka tambayi "yaya rayuwa take a da", don za a ce maka da daɗi, shi ke nan. Tambayi nawa ne albashin farko, me aka saya da shi, ƙarfe nawa ake busa jiniya, me ake kiran injin da ya fi cin yatsu, wa ya kawo labarin rufewa, a wace rana. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ka gwada shi da bakin na biyu. Shekarar da kake shakka, ka je Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Mambayya ko ɗakin karatu na Murtala Muhammad ka nemi tsofaffin jaridu, irin su Triumph da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka jingina shi ga sunan kowa. Kada ka haura katangar kamfani, kuma kada ka sa sunan dattijo sai da yardarsa. 'Yan uwa mata, ku ne za ku iya shiga wurin matan ma'aikata da masu sayar da abinci, kuma rabin labarin yana can cikin gida.

Wanda ba a Kano yake ba, kada ya ce ya tsira. Kakuri tana nan a Kaduna da gawarwakin masaƙunta, Gusau da Funtua suna da nasu, Maraɗi ma haka. Shafi biyu muke so, da sunan wuri na gaskiya, da shekara, da muryar mutum mai rai. Wanda ya kawo mana yarima a wannan mako, za mu mayar masa da abinsa cikin mutunci.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka yi gumi a waɗannan wurare, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Sai mun ga rubutunku.