Tsarin Mulkin Amurka Da Rigar Da Muka Aro

'Yan'uwana ɗalibai da malamai na wannan kwaleji, ina so in yi magana a kan wani abu wanda sau da yawa mukan ɗauka ba ruwanmu da shi, watau tsarin mulkin Amurka. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Azare da takardar da waɗansu Turawa suka rubuta a bayan teku shekara fiye da 200 da suka wuce? To, da ruwanmu ƙwarai. Tun 1979 irin tsarinsu muke bi a Nijeriya duk lokacin da mulki ya koma hannun farar hula. Mun ari rigar, amma a ganina ba mu tsaya mun tambayi dalilin da ya sa aka ɗinka ta haka ba.

Ga yadda abin ya faro. Da can ƙasar Amurka yankuna 13 ne a ƙarƙashin Sarkin Ingila. A 1765 Majalisar Ingila ta aza musu haraji a kan takardun ciniki da na shari'a da jaridu, alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Suka ce ba su yarda a karɓi kuɗinsu ba sai da yardar wakilansu. Magana ta yi tsawo har ta kai ga yaƙi. Ran 4 ga Yuli, 1776, suka yi shelar 'yancin kansu, suna cewa mai mulki daga yardar jama'a yake samun ikonsa.

Da suka rabu da Sarki, sai tsoron mai iko ya sa suka kafa gwamnatin tsakiya marar ƙarfi, wadda ko haraji ba ta da ikon karɓa. Bashi ya yi mata yawa, kowace jiha tana yin abin da ta ga dama. Saboda haka a 1787 wakilai 55 daga jihohi 12 suka taru a birnin Filadelfiya, Joj Washinton yana shugabancin taron. Suka yi wajen wata huɗu suna gardama. Ran 17 ga Satumba mutum 39 suka sa hannu a kan takarda mai babi bakwai kaɗai, aka fara aiki da ita a 1789. Har yau ita ce suke bi, an yi mata gyara sau 27.

Matsalar da ke gabansu ita ce: yaya za a ba gwamnati ƙarfin da za ta yi aiki, ba tare da ta sami ƙarfin da za ta danne mutane ba? Ba su dogara ga halin kirki na shugaba ba, domin sun san mutum tara yake bai cika goma ba. Sai suka yi dabara huɗu.

Ta farko, suka rubuta dokar tushe, suka ɗora ta bisa kowa, har shugaban ƙasa. Ta biyu, suka raba iko uku, bisa shawarar da wani masani na Faransa, Monteskiyu, ya bayar cikin littafinsa na 1748: majalisa ta yi doka, shugaba ya zartar, alƙalai su yi hukunci. Kuma suka sa kowane ya iya tare ɗan'uwansa. Shugaba yana iya ƙin sa hannu a kan doka, amma in kashi biyu cikin uku na majalisa suka sāke yarda, ta zauna ko yana so ko ba ya so. Ba ya taɓa kuɗin baitulmali sai majalisa ta yarda. Tun 1803 kuma babbar kotunsu take da ikon soke dokar da ta saɓa wa dokar tushe. Ta uku, suka raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, suka ba kowace jiha, babba da ƙarama, wakili biyu a majalisar dattawa. Ta huɗu, a 1791 suka ƙara gyara goma don tsare hakkin mutum, kamar 'yancin addini, da na faɗin albarkacin baki, da hana a hukunta mutum ba tare da shari'a ba.

Kada a ɗauka ina cewa aikinsu ba shi da aibu. Da yawa cikin waɗanda suka rubuta shi suna da bayi, baƙaƙen mutane 'yan'uwanmu, kuma takardar ta bar bauta a yadda take. Sai da aka yi yaƙin basasa kana aka hana ta a 1865. Mata kuwa ba a tabbatar musu da ƙuri'a a duk ƙasar ba sai 1920. Amma abin lura shi ne, birkin da suka sa ya yi aiki a ranar da aka bukace shi. A 1974 babbar kotu ta umurci Shugaba Nikson ya miƙa muryoyin da ya ɗauka a ofishinsa, ya miƙa, ba a yi mako uku ba ya sauka daga mulki.

Yanzu mu dawo gida. A zamanin Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda shi ma malamin makaranta ne daga lardin Bauci, tsarin Ingila muke bi, Firayim Minista da ministocinsa suna zaune a cikin majalisa. Wannan ya rushe a 1966. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamitin rubuta sabon tsari, Cif Rotimi Williams yana shugabanta, suka zaɓi irin na Amurka. Ran 1 ga Oktoba, 1979, Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, ɗan ƙasar Katagum kuma, Alhaji Abubakar Tatari Ali, ya zama gwamnan farar hula na farko a Jihar Bauci. Soja suka ture su a ƙarshen 1983. Tsarin 1999 da muke kai yanzu bisa wancan aka gina shi: sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, wakilai 360.

Mu ma birkin ya taɓa kamawa. A watan Mayu na 2006 majalisar dattawa ta ƙi yarda da gyaran da zai ba shugaban ƙasa damar yin zango na uku. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774, har da tamu ta Katagum, a ba su kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Amma sau nawa muke ganin haka? Mutanenmu da yawa sun ɗauka aikin ɗan majalisa shi ne ya raba babura da buhunan shinkafa. In ya tambayi gwamna yadda aka kashe kuɗi, sai a ce ba shi da kunya, alhali don haka aka zaɓe shi.

Na ji masu cewa wannan duk al'adar Turawa ce, ba ta dace da mu ba. Ban yarda ba. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda ya ba Malam Zaki tutar da aka kafa Katagum da ita, ya zargi sarakunan zamaninsa cikin Kitabul Farƙi saboda harajin da shari'a ba ta yarda da shi ba. Lalle tushen biyu ba ɗaya ba ne, nasa daga shari'ar Musulunci ya fito, nasu daga yardar jama'a. Amma sun haɗu a wuri guda: mai mulki ba ya bisa doka.

To, ina namu aiki? Mu ne za mu watsu cikin makarantun Azare da Misau da Jama'are da Gamawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawarata uku ce. A ajiye tsarin mulkin 1999 a ɗakin karatu inda kowa zai kai hannu, kowane ɗalibi ya karanta babi na huɗu, mai maganar hakkin ɗan ƙasa, kafin ya fita koyon koyarwa. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai su riƙa karanta lissafin kuɗinsu a gaban taro kowane zango, kuma wanda ya riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai bincike. A cikin aji kuma, malami ya rubuta dokokin aji tare da yara, ya kiyaye su shi da kansa. Yaron da ya ga malaminsa yana bin doka, in ya girma ba zai yi mamaki ba don an ce gwamna ya bi.

Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.